Fim ɗin Shang-Chi da maganar wakilci: mene ne sabo a cikinsa?

Ɗalibin Samaru:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya a kan fim ɗin kamfanin Marvel mai suna Shang-Chi and the Legend of the Ten Rings, wanda ya fito a watan Satumba na 2021, kuma ina roƙon waɗanda suka fi ni sanin harkar finafinai su warware mini ita. Duk inda aka ɗauko zancen fim ɗin sai a ce ya kafa tarihi, saboda shi ne na farko a jerin finafinan Marvel da jaruminsa ɗan asalin Asiya ne, kuma akasarin 'yan wasansa ma daga can suka samo asali. Ni kuwa abin ya ɗaure mini kai, domin tun muna yara muke kallon finafinan Chanis, kuma ba mu taɓa ganin an rasa Basine a cikinsu ba. Jarumi nasu ne, bos nasu ne, tsohon da ke koyar da faɗa a kan dutse shi ma nasu ne. Bruce Lee ya rasu tun 1973, Jackie Chan da Jet Li kuwa da wuya a sami garin da ba a san su ba. To mene ne abin murna don an ɗauko Basine ya yi kunfu a 2021? Ni a ganina kamar an ƙara ƙarfafa tsohon tunanin nan ne cewa ɗan Asiya ba shi da abin nunawa a fim sai faɗa. Sannan ina so in san ko wannan maganar wakilci gyara ce ta gaskiya, ko kuwa kamfani ne kawai ya hango kasuwa. Na gode.

Dattijon Fagge:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka mai kyau ce, sai dai ka haɗa tarihi biyu wuri ɗaya, kuma idan ba a raba su ba ba za a gane abin da ya sa wasu suka yi hawaye a gidan kallo ba. Finafinan Chanis da muka taso muna gani a sinimar Plaza da Orion a nan Kano, akasarinsu daga Hong Kong suke, daga kamfanoni irin su Shaw Brothers da Golden Harvest. Sinawa ne suka rubuta, suka zuba kuɗi, suka ɗauka, kuma 'yan'uwansu suka fara yi wa. A can babu wanda zai tsaya tambayar wakilci. Maganar da ake yi a kan Shang-Chi magana ce ta Amurka, kuma tarihin Basine a finafinan Amurka daban yake ƙwarai.

Sinawa sun shiga Amurka da yawa tun ƙarni na 19, kuma da guminsu aka shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya ratsa ƙasar, wanda aka kammala a 1869. Sakayyar da suka samu ita ce dokar 1882 da ta hana leburorin Sin shiga ƙasar, kuma ba a soke ta ba sai 1943. A irin wannan yanayi ne wani marubuci ɗan Ingila, Sax Rohmer, ya ƙirƙiro Fu Manchu, wanda littafinsa na farko ya fito a 1913: mugun Basine wanda ba shi da buri sai halaka Turawa. Da aka mayar da shi fim, Turawa ne suka riƙa fitowa a matsayinsa, irin su Boris Karloff a 1932 da Christopher Lee a shekarun 1960, ana shafa musu kwalli da hoda, ana ja musu fatar ido don su yi kama da Sinawa. Ko da labari ya zo da mutuniyar kirki, ba a cika ba Basiniya ba. Anna May Wong, wadda ita ce tauraruwar Sinawan Amurka ta farko, ta so babbar rawa a wani fim na 1937 a kan manoman ƙasar Sin, amma aka ba Baturiya Luise Rainer, har ta ci kyautar Oscar da ita.

Shi kansa Bruce Lee da ka ambata, a San Francisco aka haife shi a 1940, amma abin da talabijin ɗin Amurka ya iya ba shi shi ne direban jarumi mai rufe fuska. Sai da ya koma Hong Kong a 1971 sannan ya zama jarumin kansa. A 1972 kuwa, da aka fara wani shiri na talabijin a Amurka a kan ɗalibin gidan Shaolin, David Carradine aka ba, wanda ba shi da jinin Sinawa.

Ga inda abin ya shafi fim ɗinmu kai tsaye. An ƙirƙiri Shang-Chi a littattafan labarin zane na Marvel a ƙarshen 1973, lokacin da kasuwar kunfu ke ci, kuma a cikin waɗannan littattafai shi ɗan Fu Manchu ne na cikinsa. Wato jarumin ya zo duniya ɗauke da wancan gado na ƙiyayya. Masu fim ɗin 2021 sai suka cire Fu Manchu gaba ɗaya, suka gina sabon uba mai suna Wenwu, suka miƙa shi ga Tony Leung, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan Hong Kong, wanda ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Cannes na 2000. Kada kuma ka ɗauka wannan ɗabi'a ta maye gurbi ta mutu tun da daɗewa. A wani fim na 2016 kamfanin Marvel ɗin nan ya ɗauki wani malami wanda a littafi ɗan Tibet ne, ya ba Baturiya Tilda Swinton, kuma sai a 2021 shugaban sashen finafinansu, Kevin Feige, ya yarda a fili cewa ba su kyauta ba. Tsakanin wancan fim da wannan shekara biyar ce kacal. Saboda haka yaron da aka haifa a Amurka ko Kanada, iyayensa Sinawa, wanda bai taso da kaset ɗin Hong Kong kamar mu ba, a gare shi wannan abu sabo ne fil.

Fatake a Guangzhou:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa a kan tarihi haka yake, amma ina neman izini in kawo ɗaya gefen, domin harkar kasuwanci ta zaunar da ni cikin Sinawa, kuma yadda suke kallon fim ɗin ya bambanta da yadda ake yayata shi.

Da farko, ba a nuna Shang-Chi a gidajen sinimar babban yankin ƙasar Sin ba. Hukumomi ba su fito sun faɗi dalili ba, amma jaridu sun danganta abin da tsohuwar alaƙar labarin da Fu Manchu, da kuma wata hira da jarumin, Simu Liu, ya yi a 2017 inda ya ambaci irin talaucin da iyayensa suka ba shi labari sun baro. Finafinan Marvel ba su koma sinimar ƙasar ba sai a watan Fabrairun 2023. Abokan cinikina da suka kalle shi ta wasu hanyoyi ba su ɗauke shi a matsayin nasu ba. A wurinsu fim ɗin Amurka ne da aka yi wa ado da kayan Sin, kuma suna da hujja, domin labaran jarumai masu tashi sama da takobi tsohon fanni ne a adabinsu, wanda marubuta irin su Jin Yong suka kai shi ƙololuwa, kuma kusan kowace shekara sai an yi sabon shiri a kansa. Wanda yake da wannan a gida ba zai ji an yi masa wata alfarma ba don Amurka ta yi nata.

Na biyu, kalmar "ɗan Asiya" da ake ta maimaitawa tana rufe abubuwa da yawa. Simu Liu a birnin Harbin na ƙasar Sin aka haife shi, amma a Kanada ya girma tun yana ɗan shekara biyar, kuma shirin da ya fara fito da shi ɗan gidan Koriyawa ya fito a ciki. Tony Leung mutumin Hong Kong ne, harshensa na gida Kantonis ne, ba Mandarin ba. Michelle Yeoh, wadda ita ma ta fito a fim ɗin, 'yar Malesiya ce. Awkwafina, wadda ta fito a matsayin ƙawar jarumin, a New York ta tashi, mahaifinta Basine, mahaifiyarta 'yar Koriya. Daraktan, Destin Daniel Cretton, ɗan Hawaii ne mai jinin Japanawa ta wajen uwa. A Amurka duk waɗannan rukuni ɗaya ne, amma a nan Asiya Basine da Bajapane da Bakoriye kowa ya san tarihin da ke tsakaninsu, kuma ba duka ne mai daɗi ba. Sannan ina 'yan Indiya da Filifin da Indunisiya da Bangaladash, waɗanda su ma 'yan Asiya ne?

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Kamfanin Disney da ya mallaki Marvel shi ne ya fitar da Mulan a 2020, fim ɗin da shi ma aka cika shi da 'yan wasa Sinawa aka ce wakilci ne, alhali an ɗauki wani sashe nasa a Xinjiang, kuma a rubutun ƙarshe aka yi godiya ga hukumomin yankin, a daidai lokacin da duniya ke magana a kan tsare Musulmin Uighur a sansanoni. Su Uighur ɗin ba su cikin waɗanda ake wakilta ke nan? Wannan ya nuna mini cewa kamfani yana tafiya da wakilci ne iya inda bai taɓa aljihunsa ba. Shang-Chi ya tara kimanin dala miliyan 432 a duniya ana tsakiyar annobar korona, kuma na tabbata da ya faɗi a kasuwa da ba a ƙara jin ɗuriyar maganar ba. Don haka, ƙanena mai tambaya, zarginka na biyu yana da tushe.

Malamar Adabi:

Ina gaishe da Baba Dattijo da Alhaji na Guangzhou. Alhaji, na yarda kamfani riba yake nema, amma neman ribar mai kuɗi ba ya hana a auna aikin da marubuta da 'yan wasa suka yi da hannunsu. Kuma da abokan cinikinka suka ce fim ɗin ba nasu ba ne, gaskiya suka faɗa, domin tun farko ba labarin mazauna ƙasar Sin ba ne. Labarin 'ya'yan da suka tashi a ƙasar wasu ne, waɗanda a makaranta ake ce musu baƙi, idan sun je ƙasar iyayensu kuma a ce musu Amurkawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma su ne ya kamata a fara tambaya.

A ganina ba a auna wakilci da ƙirga fuskoki. Abin dubawa shi ne ko an bar mutum ya zama cikakken mutum, mai dalili da rauni da abin da yake so. A nan ne Wenwu ya bambanta da Fu Manchu. Mutum ne da ya yi shekara dubu yana yaƙi da ƙarfin awarwaro goma da ke hannuwansa, ya haɗu da mace ya ajiye su saboda ita, ya zauna yana renon 'ya'ya, sannan tsofaffin abokan gaba suka zo suka kashe ta ba ya nan. Duk ɓarnar da ya yi bayan haka daga wannan rashi ta taso, har ya kai yana jin muryarta tana kiransa, ya ƙi yarda da kowa cewa yaudararsa ake yi. Mai kallo yana ƙin abin da yake aikatawa, yana kuma tausaya masa. Muguntarsa ba ta fito daga kasancewarsa Basine ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da aka gyara.

Akwai wani ɗan wuri da nake so ɗalibinmu ya sake kallo a natse, wato safiyar da Shang-Chi ya je gidan su ƙawarsa Katy a San Francisco. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, aka zuba masa abin kari, kakar ta hana a zauna a kujerar mijinta da ya rasu, uwar tana yi wa 'yarta faɗa a kan ta yi karatu mai zurfi amma ta ƙare a aikin ajiye motocin baƙi a otel, kakar kuma ta ɓige da tambayar yaushe za su yi aure. Ba a tsaya yi wa kowa bayani ba, an bar gidan yadda yake. Haka ma harshe: da Mandarin aka buɗe fim ɗin na tsawon mintuna, ana rubuta fassara a ƙasan allo, kuma a cikin iyali ana sauyawa daga wannan harshe zuwa wancan gwargwadon wanda ake yi wa magana da abin da ke zuciya. Katy kuwa ba ta iya Mandarin sosai ba, kuma fim ɗin bai mayar da hakan abin kunya ba. Dabbobin Ta Lo, ƙauyen mahaifiyar jarumin, ma ba a ƙago su da ka ba. Dabbar nan mai fukafukai marar fuska da dila mai wutsiya tara duk suna cikin wani tsohon littafin Sinawa na duwatsu da tekuna da ya haura shekara dubu biyu, kuma ranar da hanyar ƙauyen ke buɗewa ita ce ranar Qingming, wadda Sinawa ke ziyartar kaburburan iyaye.

Inda ban gamsu ba shi ne wajen mata. An nuna Xialing, ƙanwar jarumin, an hana ta koyon faɗa tare da maza, ta koya wa kanta ta hanyar leƙe, ta gudu ta kafa nata dandalin a Macau, amma da aka zo rabon gado sai awarwaron suka tafi hannun ɗa namiji. Uwar kuma an kashe ta ne domin maza su sami abin yin faɗa a kai, wanda tsohuwar dabara ce da ta gaji. Katy ta koyi harbin baka cikin ɗan ƙanƙanin lokaci har ta yi harbin da ya juya yaƙi, abin da hankali bai ɗauka ba. A wannan fanni Hong Kong ta riga Amurka nesa, domin tun 1966 Cheng Pei-pei ta ja ragamar fim ɗin takobi a matsayin jaruma.

Game da cewa an sake mayar da su ga kunfu, akwai gaskiya a ciki, kuma su kansu 'yan Asiyan Amurka sun yi wannan muhawara. Amma a tuna da lokacin. A watan Maris na 2021 wani ɗan bindiga ya kashe mutum takwas a yankin Atlanta, shida daga cikinsu mata 'yan asalin Asiya, kuma ana ta dukan tsofaffinsu a titi ana ɗora musu laifin korona. Wata shida bayan haka yaransu suka ga mai kama da su a matsayin wanda ake tafa wa. Ba zan iya raina wannan ba.

Ɗalibin Samaru:

Na gode, Baba, na gode Alhaji da Malama. Yanzu na gane cewa waɗanda suka yi murnar da waɗanda suka ɗaga kafaɗa ba mutane ɗaya ba ne, kuma ba abu ɗaya ke damunsu ba. Sai dai bayanin Baba a kan Fu Manchu ya tuna mini da yadda ake fito da Bahaushe a yawancin finafinan kudancin ƙasar nan, kullum maigadi ne mai gurɓatacciyar magana da ake yi wa dariya. Shin wannan da wancan abu ɗaya ne? Idan akwai mai aikin fim a zauren nan, ina so in ji ta bakinsa.

Mai Tace Hoto:

Ƙanena, ni aikina tace finafinai ne a nan Kano, kuma zan ce sun yi kama ta wata fuska, sun bambanta ta wata. Fu Manchu an gina shi ne don a ji tsoron Sinawa, maigadin kuwa an gina shi don a raina Bahaushe, amma hanyar ɗaya ce: a ɗauki al'umma guda a matse ta cikin mutum ɗaya, a ba wanda ba ɗanta ba ya kwaikwaye ta, a yi ta maimaitawa har yaron da bai taɓa zuwa Arewa ba ya ɗauka haka muke. Ko da aka zo yin abin girmamawa ma matsalar ba ta kau ba. Fim ɗin Sarauniya Amina da ya fito a Netflix a watan Nuwamban 2021, wata biyu bayan Shang-Chi, akasarinsa da Turanci aka yi, kuma masu kallo da yawa a Arewa sun koka a kan sutura da al'adun da aka nuna cewa ba na Zazzau ba ne. Masu Shang-Chi sun sa marubuci mai jinin Sinawa, Dave Callaham, cikin waɗanda suka tsara labarin, sun kuma ɗauko mutanen da suka yi aiki a ƙungiyar Jackie Chan, wato Andy Cheng da marigayi Brad Allan, suka tsara faɗan. Shi ya sa faɗan cikin motar bas da na kan gorar da aka kafa a jikin dogon bene suka fito da salon Hong Kong na ainihi, inda jarumi ke amfani da riga da ƙarfen riƙewa da duk abin da hannunsa ya kai. Allan Bature ne ɗan Ostireliya, amma ya yi shekaru yana koyo a hannun masu abin, kuma wannan ya nuna mini cewa sani da ladabin koyo suna cikin ma'aunin, ba jini kaɗai ba.

Sai dai laifi tudu ne, kuma mu ma muna taka namu. A finafinanmu na barkwanci an daɗe ana fito da Bagware da Bafulatanin daji da ɗan ƙabilar Ibo da Bamaguje a matsayin abin dariya, kusan kullum Bahaushe ne ke sa kayansu yana karya harshe, kuma ban cika ganin an zauna da su an tambayi yadda suke ji ba. Duk wanda ransa ya ɓaci da maigadi ya kamata ya duba wannan ma.

Ina kuma ba ka shawara, idan za ka sake kallon wurin da Malama ta ambata, ka nemi fim ɗin da muryoyinsa na asali da rubutu a ƙasan allo. A irin fassarar da ake yi wa finafinan waje a nan, murya ɗaya ce ke ɗaukar kowa da kowa da Hausa, don haka ba za ka gane lokacin da Wenwu ya bar Turanci ya koma Mandarin da 'ya'yansa ba, ba kuma za ka lura da inda Katy ta rasa abin da ake faɗa har sai an juya mata zuwa Turanci ba.